Abin da ke cikin wayar malami: nasa ne ko na makaranta?

A watan Fabrairun 2016, a gundumar Union da ke jihar South Carolina a Amurka, wata malamar makarantar koyon sana'a ta ajiye wayarta a kan tebur ta fita bakin ƙofa, domin a lokacin aikinta ne ta sa ido a kan ɗalibai yayin da suke sauya aji. Wayar ba a kulle take ba. Wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɗauka, ya shiga wurin hotuna, ya yi ta dubawa har ya ci karo da wani hoto da malamar ta ɗauki kanta ba sutura, wanda ta ce saboda mijinta ta ɗauka. Yaron ya zaro tasa wayar ya kwafi hoton, ya tura wa abokai. Kafin ka ce kwabo ya zagaye makaranta.

Hukumar ilimin gundumar ta ba malamar zaɓi, ko ta ajiye aiki ko a kore ta, ita kuwa ta ajiye. Hujjar shugaban hukumar ita ce ta bar waya a buɗe a inda yara za su iya kai hannu, har ya ce ta saba barin ɗalibai su yi amfani da ita. A ranar da ta tattara nata-ya-nata ba wanda ya taɓa yaron. Sai daga baya, bayan wasu daga cikin ɗalibanta sun buɗe takardar koke a intanet suna neman a mayar da ita aiki, dubban mutane sun sa hannu, 'yan sanda suka kama shi suka tuhume shi.

Labarin na Amurka ne, da dokokinsu da al'adunsu, kuma na san akwai mai karatu da zai ce tun farko me ya kai ta ɗaukar irin wannan hoto. Zan zo kan wannan. Amma tambayar da ke ƙarƙashin labarin ta shigo makarantunmu tun ranar da malamai suka fara shiga aji da babbar waya a aljihu. Abin da ke cikin wayar malami nasa ne shi kaɗai, ko kuwa makaranta da iyayen yara suna da ta cewa a kai? A nawa ganin, kafin a yanke wa kowa hukunci sai an amsa tambaya biyu: ta yaya abin ya fito, kuma shin ya taɓa ɗalibi? Mu kuwa galibi tsallake su muke yi. Da an ga abu mai muni sai rai ya ɓaci, sai a nemi wanda za a kora kafin la'asar, kuma wanda ya fi saurin shiga hannu shi ne mai wayar.

Ya kamata a fara duba yadda wayar malami take aiki a yini guda. Da ita yake ɗaukar hoton rajista ya tura wa hedimasta. A cikinta guruf ɗin malamai yake, inda ake sanar da taro da jadawalin jarrabawa, a cikinta kuma guruf ɗin iyayen yaran ajinsa yake, inda wata uwa za ta aiko saƙon murya da ƙarfe goman dare tana tambayar aikin gida. Da ita yake haɗa maki a ƙarshen zango. A makarantar kwana, in an ɗauke wuta lokacin karatun dare, tocilar wannan wayar ce ke haska rijistar kiran suna. To a cikin wannan wayar dai hirarsa da matarsa take, da hoton sakamakon gwajin asibiti, da saƙon mai bin sa bashi, da alat ɗin albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Makaranta ba ta saya masa ita ba, ba ta sa masa data ba, amma ta ɗora mata rabin aikin ofis. Wannan shi ne tushen rikicin, kuma ba kasafai ake ambatarsa ba. Hukumar da ta sa malami ya mayar da wayar gidansa kayan aiki ita ce ta fara cakuɗa gida da makaranta, sannan ranar da abu ya ɓaci ta ce shi ne bai raba su ba.

Hanyoyin da abu ke fita daga waya kuwa kowa ya san su. Malam ya kira monita, “Zo ka kai min wannan wurin mai caji, ka karɓo in an tashi.” Yarinya ta tsaya a bakin get ba a zo ɗaukarta ba, malama ta miƙa mata waya ta kira babanta. Sikirin ya fashe, mai gyara ya ce, “Malam, sai ka ba ni lambar buɗewa in gwada in ga ko tana taɓuwa,” a bar masa ita kwana biyu. Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in ba ka shiga ka sauya saitin ba, WhatsApp yakan sauke hotunan da aka turo a guruf ya zuba su cikin ma'ajiyar hotunanka, ko ka buɗe saƙon ko ba ka buɗe ba. Ke nan wani tsohon ɗan ajinku marar kamun kai zai iya jefa ƙazanta a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai da tsakar dare, da safe ta kwana a wayarka ba ka sani ba. Sai kuma hanya mafi ciwo, wadda ta fi afka wa mata: tsohon saurayi ko tsohon miji da ya riƙe wani hoto ko wata hira, ya jira ranar da zai rama. A duk waɗannan, ganin abu a waya bai gaya maka komai ba game da yadda ya shiga, balle yadda ya fita.

Hujjar sakaci, wadda aka raba malamar South Carolina da aikinta da ita, tana da ɗan gaskiya a ciki, bai kamata a yi watsi da ita ba. Wanda ke aiki a tsakiyar yara masu tasowa, masu son ganin ƙwaƙwaf, ya san hannu zai kai ga wayarsa wata rana. Kulle ta wajibi ne, kuma miƙa wa ɗalibi ita alhali ka san abin da ke ciki ganganci ne. In da za a kira malamar a ja mata kunne, ko a ba ta takardar gargaɗi, da ba wanda zai ce an zalunce ta. Amma wanda ya manta bai kulle ɗakinsa ba, ɓarawo ya shiga ya kwashe kaya, ba a kai mai ɗakin gaban alƙali a bar ɓarawon yana yawo. Yaron nan bai yi tuntuɓe da hoton ba. Ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya buɗe, ya bincika, ya kwafa, ya yaɗa, kowane mataki da niyyarsa. Darasin da sauran ɗaliban makarantar suka koya a makon nan shi ne in kana son ka ga bayan malami, ka jira ya ajiye waya. Wace tarbiyya aka kare ke nan?

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi kusa da zuciyar iyaye a wurinmu. Malami ba kamar akawu ko direba ba ne. An ba shi amanar yara, yara suna kallonsa, suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa. Uban da ya kai ɗiyarsa makaranta yana da haƙƙin ya so wanda zai tsaya a gabanta ya zama mutumin kirki ciki da waje. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai abin da yaro ke koyi da shi shi ne abin da yake gani. Abin da ke kulle a waya, wanda malami bai nuna wa kowa ba, bai kawo shi aji ba, bai shafi mu'amalarsa da yara ba, ba ya cikin abin da ake koyi da shi har sai wani ya tono shi. In kuwa aka ce duk wani aibi na ɓoye ya isa a raba mutum da alli, to a shirya buɗe wayar hedimasta da ta mai makaranta da ta shugaban PTA, a ga wa zai rage.

Addinin da galibinmu ke bi bai bar wannan batu a duhu ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane kai tsaye, aya ta 19 a Suratun Nur kuma ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, wanda ya haɗa da mai danna “tura” yana cewa wai don a yi hattara. Hadisin da ke cewa wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi kowane ɗan Islamiyya ya haddace shi. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayanin aikin hisba sun iyakance shi ga abin da ya bayyana. Al-Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 1058, ya ce mai hisba ba shi da ikon bincikar abin da aka ɓoye, sai fa in amintaccen mutum ya kawo labarin wata ɓarna da ke shirin aukuwa wadda in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Wannan ba ya nufin duk abin da ke cikin waya halal ne. Mutum zai iya ajiye abin da zunubi ne tsakaninsa da Ubangijinsa, a yi masa nasiha in an sani. Amma zunubi daban, laifin aiki daban, kuma shugaban makaranta an ɗauke shi ne don ya kula da na biyun. Game da malamar Amurka kuwa, ko a ma'auninmu abin da ke tsakanin mace da mijinta ba hurumin kowa ba ne. Abin da za a iya cewa kawai shi ne ajiye irin wannan a waya rashin dabara ne, domin waya ba ta riƙe amana.

Akwai kuma batun wa abin ya fi ci. A shekarar 2019 an kori wata malamar lissafi a yankin Long Island na jihar New York bayan wani hotonta, wanda ta ce saurayinta kaɗai ta taɓa tura wa shekarun baya, ya faɗa hannun wani ɗalibi. Ta kai ƙara tana neman diyyar dala miliyan 3, hujjarta ita ce da namiji ne da ba a kore shi ba. Ko mene ne ra'ayin mutum game da hoton, wannan magana tata ta bambanci gaskiya ce a can, ta fi zama gaskiya a nan. Namiji in asirinsa ya tonu, a yi surutu wata ɗaya, a mayar da shi wata makaranta, ya ci gaba da rayuwa. Mace kuwa aiki zai tafi, aure zai girgiza ko ya mutu, ƙannenta mata ma sai abin ya bi su har ranar da za a zo neman aurensu. A yankin da ake fafutukar samun malamai mata domin iyaye su yarda su bar 'ya'yansu mata a makaranta, kowace malama da aka kora saboda wani ya ci amanarta asara ce da ta wuce ita kaɗai.

Duk wannan magana tana tsayawa cak a wuri ɗaya, wato inda abin da ke cikin wayar ya shafi ɗalibi. Daga nan babu sauran maganar sirri. Kotun ƙolin Kanada ta duba irin wannan a shekarar 2012, a shari'ar wani malamin sakandare a lardin Ontario wanda makaranta ta ba kwamfutar tafi-da-gidanka. Ma'aikacin da ke gyaran na'urorin makarantar ya ci karo da wata ɓoyayyiyar ma'ajiya ɗauke da hotunan tsiraicin wata ɗaliba da ba ta kai shekarun girma ba. Kotun ta ce shugaban makaranta yana da ikon karɓe kwamfutar ya duba, domin kare ɗalibai aikinsa ne, ta kuma ce 'yan sanda sun yi kuskure da suka bincika ba tare da takardar izinin kotu ba, amma duk da haka ta yarda a yi amfani da hujjar. A 2019 kotun nan dai ta sami wani malami da laifi saboda ya riƙa ɗaukar bidiyon ɗalibai mata a ɓoye da kyamarar da ke jikin biro, ta ce kasancewar yarinya a cikin makaranta, inda kowa ke ganinta, bai ba kowa damar naɗar jikinta ba. A Ingila, abin da wata ma'aikaciyar gidan renon yara a garin Plymouth ta aikata da wayarta, wato ɗaukar hotunan lalata da yaran da take reno, wanda ya fito fili a 2009, ya sa gidajen reno da dama suka hana ma'aikata shiga wurin yara da waya kwata-kwata.

A Najeriya ma waya ta sha zama shaida. A 2018 wani sautin hira da wata ɗaliba ta naɗa ya fallasa wani farfesa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife yana neman lalata da ita a madadin maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara 2 a watan Disamba na shekarar. Babu mai hankalin da zai ce an keta masa sirri. Hirar da malami ya yi da ɗalibarsa a kan maki hirar aiki ce, ko da ƙarfe nawa aka yi ta, ko da wayar wa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 23, ta haramta mallakar hotunan batsa na yara da kuma jan ra'ayin yaro ta na'ura da nufin lalata, ba ta kuma ware wayar gida daga ta ofis ba.

A nan ne abin ya fi damuna, domin sau da yawa mun juya suturar nan ta koma kife. Malamar da tsohon miji ya yaɗa hotonta, wadda ba ta cuci kowa ba, ita ake tona wa asiri a kora. Malamin da aka kama yana tura wa 'yar aji uku saƙo da tsakar dare, “Kin yi barci? Kar ki gaya wa kowa,” shi ake cewa a rufa masa asiri saboda yana da iyali. A kira uban yarinyar a ba shi haƙuri, a ce maganar in ta fita sunan 'yarsa ne zai ɓaci, a nema wa malamin canjin wurin aiki, ya je wata makaranta inda ba wanda ya san shi, inda akwai wasu 'yan aji ukun. An bar jaki ana dukan taiki. Malamai magabata ba su fahimci sutura haka ba. Imam Nawawi, da yake sharhin hadisin suturta Musulmi, ya bayyana cewa ana suturta wanda ba a san shi da cutar da mutane ba, amma waɗanda aka ba amanar dukiyar sadaka da waƙafi da marayu, in aka ga aibinsu a kan amanar, bayyana shi wajibi ne. Malamin da ke farautar ɗalibarsa ya ci amanar da aka ɗauke shi dominta, kuma rufa masa asiri taimaka masa ne a kan yarinya ta gaba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai abin da malami ya fitar da hannunsa. Wanda ya ɗora bidiyo a TikTok, ko ya sa abu a sitatus alhali rabin iyayen ajinsa da manyan ɗalibansa suna da lambarsa, ya riga ya fito da shi kasuwa. Ba zai ce an shiga sirrinsa ba. In abin zagin wata ƙabila ne ko wani addini da yake da ɗalibai daga cikinsu, ko batsa ce, makaranta tana da hurumin kiransa. Amma ko a nan a bambance abin da ke zubar da mutuncin aiki da abin da kawai bai yi wa shugaba daɗi ba. Malamin da ya rubuta a Facebook cewa an yi wata uku ba albashi, ko rufin ajinsa na yoyo, bai yi rashin ɗa'a ba, gaskiya ya faɗa.

Wanda ya fi yawa a yanzu, kuma ba a ɗauke shi laifi ba, shi ne ɗaukar yara. Malama ta ɗauki bidiyon yaron da ya kasa karanta jimla, 'yan aji suna dariya, ta ɗora don a yi nishaɗi. Malam ya ɗauki hoton takardar jarrabawar da aka ci sifili, da sunan mai ita a sama, ya jefa a guruf. Wasu ma da kyakkyawar niyya suke yi, don tallar makaranta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce kafin a sarrafa bayanan yaro bisa yarda sai an nemi yardar iyayensa ko mai kula da shi, hoto da suna da maki kuwa duk bayanai ne. Yaron da aka yi wa dariya yana aji biyu zai girma ya tarar da bidiyon yana nan. Malamin da ke son a mutunta abin da ke cikin wayarsa, shi ya fi kowa cancantar ya gane haka.

Saura tambayar da ta fi tasowa a ofishin shugaban makaranta: yana da ikon ya ce, “Malam, buɗe wayarka in gani”? Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Sashe na 45 ya ba da damar a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro ko tarbiyyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, amma ta hanyar doka, ba ta hanyar fushin wani shugaba ba. Ko jami'an tsaro, dokar laifuffukan intanet ta tanadi su nemi izinin alƙali kafin su bincike na'ura. A Amurka kotun ƙoli ta yanke a 2014, ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, cewa ɗan sanda ba zai buɗe wayar wanda ya kama ba sai da takardar kotu, saboda abin da waya ke ɗauke da shi ya fi abin da ke cikin gida yawa. A Kanada kuma, a 2024, kotun ƙoli ta duba batun wani shugaban makaranta da ya tarar da kwamfutar aji a buɗe, ya karanta wani rubutun sirri da malamai biyu ke ajiye koke-kokensu na wurin aiki a ciki, ya ɗauki hotonsa da wayarsa, aka ba su takardar gargaɗi da shi. Kotun ta ce kariyar tsarin mulki daga bincike marar dalili ta shafi malaman makarantun gwamnati na lardin Ontario a wurin aikinsu. In kwamfutar makaranta ke nan, ina ga wayar da mutum ya saya da guminsa.

Wannan bai ɗaure hannun shugaba ba. In yarinya ko uwarta ta kawo ƙara, hujjar tana wayar yarinyar, kuma da yardar iyayenta za a iya adana ta. Shugaba zai iya raba malamin da aji nan take, ya rubuta rahoto zuwa ga sakataren ilimi ko ma'aikatar ilimi, ya ba shi takardar tuhuma ya amsa a rubuce, in abin ya kai laifi ya miƙa wa 'yan sanda su nemo izinin buɗe wayar. Akwai kuma hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 31 ta 1993, tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa da ke iya soke rajistar malami. Wannan ita ce hanyar da za ta hana mai laifi ya sauya gari ya sake ɗaukar alli, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Ƙwace waya a gaban mutane kuwa, a yi ta latsawa ana neman abin kamawa, ba ya kare yaro. Yakan ba mai laifi damar cewa an dasa masa ne, ya kuma tozarta marar laifi da abin da bai shafi ƙarar ba.

Akwai wani wulaƙanci da ake yi da sunan bincike wanda ya kamata a daina. Hoton malama ya fita, sai a kafa kwamiti, maza biyar ko shida su zauna a ofis waya tana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa na cewa yana son ya tabbatar. Kafin a tashi an tura wa mataimaki, mataimaki ya tura wa wani a ofishin shiyya, abin da yaro ɗaya ya fara manya sun ƙarasa. In dole sai an gani, mutum ɗaya ya isa, mace in malamar mace ce, ba tare da kwafa ba, ta rubuta abin da ta tabbatar a takarda. Ɗalibin da ya yaɗa a kira iyayensa, a goge abin a gabansu, a bi sawun waɗanda ya tura wa, a hukunta shi daidai da shekarunsa, domin shi ma yaro ne da ke buƙatar gyara kafin ya saba. Ma'aikacin da aka samu ya tura wa wani kuwa, shi ya kamata a fara ba takardar tuhuma.

Malaman makarantun kuɗi su ne a tsaka mai wuya. Da yawansu ba su da takardar ɗaukar aiki, balle wata rubutacciyar ƙa'ida da ta ce ga abin da aka yarda a yi da waya ga wanda aka hana. Mai makaranta yana tsoron iyaye su kwashe yara, saboda haka da an fara ƙus-ƙus a guruf sai ya sallami malami ta saƙon tes. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana sauraron ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba, amma wanda albashinsa bai kai kuɗin lauya ba, kuma zuwa kotu na nufin a sake karanta asirinsa a bainar jama'a, da wuya ya taka can. Shi ya sa ƙa'idar ta fi amfani in an rubuta ta tun kafin abu ya faru, shafi ɗaya, kowa ya sa hannu ranar da ya kama aiki: ba a miƙa wa ɗalibi waya, ba a yi wa ɗalibi saƙo shi kaɗai sai ta lambar iyayensa, ba a ɗaukar yaro hoto sai da izini, kuma makaranta ba za ta buɗe wayar malami ba sai ta hannun hukuma. In makaranta na son guruf ɗin iyaye da hoton rajista, ta sayi waya ɗaya ta ofis ta ajiye a wurin hedimasta.